Hoton Yayana a Shafin Maƙera

Mu maƙera ne tun kaka da kakanni. Rumfarmu tana bakin ƙauyenmu, a ƙasar Unguwar Lalle, kuma mutum uku ke aiki cikinta a lokacin da nake ba da labari: Baba, da ƙanensa da muke kira Baffa, da yayana, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Ni ne auta, ni ne kuma na fita zakka. Tun ina jariri hayaƙin gawayi ke shaƙe mini ƙirji, har Inna ta hana wanzami ya yi mini tsagar Gobir irin ta 'yan gidanmu, ta ce abin da ke numfashi da ƙyar ba za a ƙara masa da aska ba. Aka tura ni boko don an rasa yadda za a yi da ni. Na dawo da iya gyaran waya, da zuciya mai saurin tashi wadda har yau ban rabu da ita ba.

Yaya ba ya kirana da komai sai maƙerin yatsa. In ya gan ni duƙe kan waya sai ya ce, "Auta, a zuga maka wuta ko yatsan ya yi ja?" Ni kuma in ce ya je ya wanke fuska tukuna a gane mutum ne ke magana. Kullum haka muke. Amma maganar Allah, in ana neman wanda ya iya ƙarfe a yankinmu, shi ne. Sifirin tsohuwar mota zai ɗauka, ya fitar maka da adda wadda za ka yi sassabe da ita ka gama ba ta nemi dutsen washi ba.

A wurinmu manomi ba ya sayen hauya don kawai hauya ce. Kafin ya tambayi kuɗi sai ya tambayi wanda ya ƙera. Shi ya sa ran kasuwa, ko Sabon Birni ko Isa, mutanen gidanmu ba sa haɗa kaya wuri guda. Kowa da buhunsa a shimfiɗe, kowa zaune bayan abin da ya ƙera, mai saye ya dubi ƙarfe, ya ɗago ya dubi fuska. In bakin garma ya lanƙwashe ana tsakiyar huɗa, ya san wuyan rigar da zai zo ya kama. Kowa kuma da alamar da yake bugawa kusa da ƙota tun ƙarfe na ja. Ta Baba zagaye ce, ta Baffa gicciye, ta Yaya sawun kaza.

Sai hanya ta mutu. Ɓarayin daji, masu bindiga a kan babura, suka fara da shanu, suka koma kan mutane. Aka daina zuwa kasuwa sai ran da ake fita ayari da rakiyar jami'ai. Fataken da ke zuwa daga wajen Maraɗi su kwashi kayanmu suka ɗauke ƙafa, mutanen Tozai suka ɗauke ƙafa. Ƙarfe ya taru a zaure yana tsatsa, gero na ƙarewa a rumbu. Ni na kawo shawarar a buɗe wa rumfar shafi a intanet, a jera kayan duka, mutum ya zaɓa daga inda yake, ya kira waya, a ba direba ya kai masa. Baba ya ce shi bai ga yadda za a sayi lauje ba a taɓa bakinsa ba, amma tunda yunwa ta fi shi gardama, in gwada.

Na zauna na tsara abin yadda ake yi. Rukuni-rukuni na raba shi: kayan shuka, kayan noma, kayan girbi, kayan gida. Mai neman sungumi ya taɓa shuka, mai neman lauje ya taɓa girbi ya ga laujuna jere daga ƙarami zuwa babba, kowanne da tsawonsa da nauyinsa da irin itacen ƙotarsa. Na shimfiɗa farin buhu na ɗauki kowane ƙarfe shi kaɗai. Ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na kai wa Baba yana zaune gaban uwar maƙera, ya goge hannu a wando, ya riƙe wayar da yatsu biyu kamar za ta ƙone shi. Ya daɗe yana kallo.

"To ina mu?" ya ce.

"Ku wa, Baba?"

"Mu da munka ƙera. Kai yaron ga! Ka haɗa laujena da na ƙanena tuli guda awa tumatur? In mutum ya saya ya karye mai, wa za shi zagi?"

Na ce masa ba haka ake yi ba a duniya, mai neman lauje lauje yake nema, ba hanci da kunne ba. Ya ce duniyar wa. Ya ce shi bai taɓa sayar da ƙarfe ya ɓoye fuska ba, ɓarawo ne ke haka. Ya ce ko in raba shafin uku, kowa da fuskarsa a sama da kayansa a ƙasa kamar yadda ake zama a kasuwa, ko in kwashe wayata in bar masa rumfa. Kuma a nuna alamar kowa dab da fuskarsa, don akwai maƙeran banza da suka fara kwaikwayon sawun kazar Yaya. Zuciya ta ɗebe ni, na yi jifa da wayar kan tabarma, na ce su zo su yi da masaba tunda sun fi ni sani. Inna ta leƙo daga cikin gida ta ce in na sake ɗaga wa ubana murya sai ta fasa mini baki da muciya, gemuna ba zai hana ba.

Kada wani ya ɗauka hangen nesa na yi. Babu wanda daji ya faɗo wa a rai a cikinmu, har ni. Tsarina kawai aka rushe mini, shi ne ya ƙona mini rai. Na yi fushi na gaji, na dawo na yi yadda Baba ya ce.

Baba da Baffa ba su ba ni wahala wajen hoto ba. Yaya ne ya tubure. Shi mutum ne da ba ya son hoto ko kaɗan, wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai tocila, ko a bikin aurensa sai da ya sunkuyar da kai ya bar wurin da aka ɗaga waya. Matarsa ce ta shawo kansa. Sun daɗe ba haihuwa, lokacin ne Allah ya ba ta ciki, shi ya sa ko me ta ce ba ya musu. Ta fito masa da rigarsa ta Jumma'a, ya sa, ya tsaya bakin rumfa ya saɓa adda a kafaɗa, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

"Haba Yaya, saki ranka mana," na ce. "Wa zai sayi kaya wurin dodo?"

"Ɗauka ka ba ni wuri, ɗan banza, ƙarhe na wuta."

Na ce ai ko ya wanke fuskar ma ba a gane mutum ba ne. Dariya ta kuɓuce masa, ni kuma na danna. Ya fito sarai, tsagarsa ta Gobir kwance a kumatu, wushiryarsa a waje, addar tana ƙyalli. Na ɗora shi a saman rukuninsa, a gefe na sa hoton sawun kaza babba yadda ko mai ciwon ido zai gane.

Abin ya karɓu. Fataken Nijar suka dawo ta waya, suna tura hotunan a zaurukansu na hira ta waya, wannan ya tura wa wancan. Mutum zai kira ya ce a ba shi irin ta mai wushirya. Adduna suka fi komai tafiya, don lokacin sharar gona ne. Muka koma cin tuwo da miya mai mai. Yaya ya daina ce mini maƙerin yatsa a gaban mutane, sai in mu biyu ne.

Ana dab da girbi abin ya zo. 'Yan sa-kai, matasan ƙauyuka da suka gaji suka ɗauki makami don kare garuruwansu, suka yi arangama da mutanen daji a wata fadama. A cikin waɗanda suka mutu har da ƙanen wani babba a daji, kuma ba harsashi ne ya kashe shi ba, sara ne. Wanda ya sare shi ya gudu ya bar addar a jikinsa. Wani direba da ke kai mana kaya ne ya zo da labarin, ya ja Baba gefe. Ya ce an ce sun wanke addar sun ga sawun kaza, kuma babban ya rantse sai ya ga maƙerin da ke yi wa 'yan sa-kai makami.

Yaya ya ce, "Ni adda nika ƙerawa don sassabe. Na san wa yas saye ta? Ko su mutanen dajin da wuƙar wa suka yankan nama?"

Ni ban tsaya sauraron gardama ba, wayata na ciro. Babu sabis. A lokacin an katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya, wai don a hana ɓarayi magana da juna. Shafin yana can a buɗe kowa na gani, fuskar yayana da alamarsa gefe da gefe, ni da na ɗora kuma ba ni da ikon taɓawa. Wallahi ji na yi kamar in haɗiye wayar.

Hanya ɗaya ce. Ta wajen iyaka akwai wani tudu da rezon Nijar, wato sabis ɗin wayarsu, ke kamawa, mai layin can yakan je ya yi kira. Ina da layin saboda fatake. Da gari ya waye na hau babur ɗin Baffa ba tare da na yi wa kowa sallama ba, don na san Inna za ta hana. Na tarar da mutane cike ƙarƙashin wata bishiyar bedi, kowa ya ɗaga waya sama, mata na kuka cikin waya, wani na ta ihun a ji shi. Na kutsa, na taka ƙafar wani dattijo, ya zage ni na rama, Allah ya yafe mini. Sabis ɗin na zuwa yana ɗaukewa. Na goge rukunin Yaya, na goge na Baba da na Baffa, daga ƙarshe na rufe shafin ɗungurungum, ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata.

Saura na cikin wayata. Kowa ya san in suka tare ka a hanya waya suke fara bincikewa. Na buɗe hoton, ga Yaya yana dariya da rigar Jumma'a. Na ce a raina in ƙura ta lafa za ni sake ɗaukarsa, ko da ɗaure shi za a yi. Na goge shi, na shiga inda gogaggu ke taruwa na sake gogewa.

A hanyar dawowa suka tare ni, a wani kwazazzabo da babur ba ya iya gudu. Kafin in taka birki an doke ni da gindin bindiga a kafaɗa, na faɗi babur ya danne mini ƙafa. Suka ja ni a ƙasa. Yara ne, wasu ko gemu ba su yi ba, idanu jajur. Ɗaya ya ƙwace wayata ya bi ta ciki bai ga komai ba, ya sa ta aljihu. Wani mai jan rawani ya tsuguna gabana, ya ciro tasa wayar, ya kawo ta dab da hancina.

"Ka san wanga?"

Hoton ne. Wanda na sha wahalar gogewa ɗazu, shi ne a hannunsa, har da sawun kazar a gefe. An riga an tura masa, ya zauna cikin wayarsa, babu abin da rufe shafi zai yi masa.

Na ce ban san shi ba. Ya mare ni har kunnena ya yi ƙara, ya sake tambaya, na sake cewa ban san shi ba. Ya kama haɓata ya juya fuskata hagu da dama yana neman tsaga, bai gani ba. Ni Inna na biyo, ba na kama da Yaya ko a hanci. Tsoro ya tayar mini da ciwon ƙirji, na fara shaƙewa ina wani irin gurnani, suka yi ta dariya. Mai jan rawanin ya ce wannan ko an kai shi daji kafin a yi ciniki ya mutu, a bar shi. Suka ɗauki babur da takalmana suka tafi.

Da la'asar na iso gida da ƙafa, tafin ƙafata duk ƙaya. Ban ko sha ruwa ba na ce Yaya ya tashi ya bar garin yanzu, suna da fuskarsa. Ya dubi kumburin fuskata, ya ce ina zai bi. Gaskiyarsa ce. Mutum ɗaya a hanya da waccan tsagar, ai ya kai kansa ne. Ayarin Isa sai jibi. Ga matarsa cikin ya tsufa, ba ta iya tafiyar ƙasa. Na yi ta masifa, na ce ya bi ta cikin dawa, ya sa zane ya yi lulluɓi, ya yi koma mene ne. Baba ya daka mini tsawa. Aka tsayar da magana a kan ayari, kafin nan ba zai fito rumfa ba, in an ji babura ya faɗa rumbun dawa da ke bayan gida.

Ba su bari jibin ta zo ba. Washegari da hantsi, Baba da Baffa na rumfa, ni ina zaune bakin zaure ina cire ƙaya da allura, muka ji rurin babura ta gabas. Kafin mutum ya miƙe sun cika fili, suna harbi sama. Wani maƙwabcinmu ya zabura zai tsallake darni suka harbe shi a baya, ya rataye a kan darnin. Suka tattaro mu gaban rumfa, suka ce kowa ya kwanta rub da ciki. Fuskata cikin toka, takalmin wani a wuyana.

Babban nasu bai yi tsawa ba. Siririn mutum ne, ba zai wuce sa'an Yaya ba. Ya kwance wani tsumma, ya jefa adda gaban uwar maƙera, ta yi ƙara.

"Wa ya ƙera wagga?"

Baba ya miƙe. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, amma ranar bai dafa komai ba.

"Ni na," ya ce. "Duk ƙarhen da yah hita rumfar ga, ni na ƙera shi. Ni ad da rumfa. In akwai magana, ga ni."

Da a ce zamanin da ne, da maganar ta tsaya nan. Wa zai ƙaryata mai rumfa? Da sun ɗauke shi, da shi ma abin da yake so ke nan. Amma mutumin ya miƙa hannu, aka sa masa wayarsa, hoton Yaya a buɗe. Ya dube ta, ya dubi Baba, ya matso ya kara ta a kumatun Baba, ya juya wa yaransa.

"Ku duba min. Tsohon ga na wanga?"

Suka fashe da dariya. Baba ya ce alamar tasa ce, aro ya ba yaron. Mutumin ya ce ai ga shi nan ku da kanku kun raba, kowa da tasa, ta tsoho zagaye ce. Sai ya juya bindiga ya buga wa Baba a baki. Na ji ƙarar haƙora. Baba ya faɗi, suka hau shi da duka, da ƙafa da gindin bindiga, suna tambayar ina mai wushirya. Baffa ya yunƙura aka harbe shi a cinya. Baba bai ce komai ba sai salati, bakinsa cike da jini, salatin ma ba ya fita daidai.

Rumbun ba shi da nisa da rumfa. Yaya yana jin komai. Ni ina kwance ina roƙon Allah a zuci ya toshe masa kunne, ya ɗaure masa ƙafa, ya sa ya zama matsoraci ko na yini ɗaya. Sai na ji muryarsa.

"Ku bar shi. Ga ni."

Ya fito ta zaure, ƙaiƙayin dawa a kansa da gemunsa. Babban ya ɗaga waya ya gwada, kamar mai duba kaya kafin ya saya, ya gyaɗa kai. Yaya ya ce masa shi maƙeri ne, manoma yake sayar wa, bai san wanda ya sari ɗan'uwansa ba, kuma Allah ya ji ƙan wanda ya mutu. Mutumin ya ce, "Ka iya ƙira, ba ƙarya. Na ga aikinta." Ya sunkuya ya ɗauki addar.

Suka durƙusar da shi, suka danna kansa kan uwar maƙera, inda ya yi rayuwarsa yana dukan ƙarfe. Na yi ihu na yunƙura, wanda ya taka ni ya ƙara danna ni cikin toka. Ban gani ba, kunnena ne ya gani, kuma har in mutu ba zai daina ba. Daga cikin gida matarsa ta yi wata ƙara, Inna ta toshe mata baki don kada su shiga.

Mai jan rawanin nan na hanya yana cikinsu. Da za su tafi ya birkito ni da ƙafa, ya ƙura mini ido. "Kai, ba kai na kac ce ba ka san shi ba?" Ya yi ta shurina a haƙarƙari har na daina jin zafi. Suka cinna wa rumfa wuta, da ɗakin Yaya, da rumbuna, suka hau babura.

Muka rufe Yaya, shi da maƙwabcinmu da aka harbe, kafin azahar, cikin gaggawa, ana waige-waige. Da ayari ya zo muka bi shi zuwa Isa, gidan wani ɗan'uwan Inna, Baffa kwance cikin mota yana nishi. Can matar Yaya ta haihu, namiji.

Ciki ba ya zaman makoki. Da Baffa ya fara takawa da sanda, suka kafa 'yar rumfa a bayan gidan da muke, aka samo mini wata tsohuwar waya, lokacin an maido da sabis. Akwai ragowar kayanmu a shagon wani ɗan kasuwa a Isa, har da na Yaya, amma babu mai son taɓa ƙarfe mai sawun kaza, kowa na tsoron a gan shi da shi. Baba da kansa ya zauna da dutse yana goge alamar ɗansa daga kan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, bai bari kowa ya taya shi ba. Da ya gama ya kira ni. Tun da aka zubar masa da haƙora magana ba ta fita masa sosai, sai na matsa kusa.

"Buɗe abin nan naka," ya ce. "Yi shi yadda kac ce tun hwarko."

Na yi. Kayan shuka, kayan noma, kayan girbi, kayan gida, a kan farin buhu, babu fuska, babu alama, babu sunan gari. Adda ban sa ta ko'ina ba, ba ma ƙera ta kuma. Tsarin da na yi wa ubana rashin kunya a kansa ke nan, ga shi an ba ni, kuma duk lokacin da na buɗe shi sai in ji kamar in buga wayar da ƙasa. Har yau akan sami wanda bai ji labari ba daga can cikin Nijar, ya kira ya ce a ba shi irin ta mai wushirya. Kashe wayar nake yi.

Bayan matar Yaya ta fita takaba, wata rana da yamma ta same ni a tsakar gida, yaron na goye a bayanta. Ta daɗe tsaye tana murza bakin zane.

"Auta," ta ce, "hoton nan da kaɗ ɗauka, na rigar Jumma'a. Ka sa a wanke min shi. In yaron ga ya yi wayo in nuna mai ubanshi."

Ba ta sani ba. Ta ɗauka abin da ya shiga waya yana nan har abada a wani wuri. Na ce mata za ni duba. Katin zaɓensa, wanda shi ne kaɗai wani abu mai fuskarsa, ya ƙone cikin ɗaki. Shafin farko ya tafi, na bi duk hanyar da na sani bai dawo ba. Na shiga kiran fatake ɗaya bayan ɗaya, na Maraɗi, na Tozai, na Sabon Birni, direbobi, duk wanda na san an taɓa tura masa. Amsa ɗaya ce. Tun ran da labari ya bazu kowa ya goge, wa zai yarda a kama shi a hanya da wannan hoton? Wani ma cewa ya yi kada in sake kiransa. Na zage shi tas, alhali abin da na yi shi ne ya yi.

Sai da na gama zagayena na faɗa mata, Baba na zaune gefe yana jan carbi. Ta ce, "Ko ɗaya?" Na ce akwai wuri ɗaya da na tabbata yana nan, don na gan shi da idona. Ba ta tambaye ni ina ba, ta gane. Ta gyara goyonta ta shige ɗaki. Baba ya ajiye carbin ya rufe fuska da hannu biyu.

Yaron yanzu yana gudu, haƙoransa sun fito da wushirya. Inna kan ce ga Yaya nan sak, ni kuwa in na rufe ido in tuna fuskar yayana, tsagar takan zo, dariyar takan zo, amma sauran ya fara yi mini hazo. Babu sallar da zan idar ban roƙi Allah ya wulaƙanta siririn mutumin nan ba, ya hana shi mutuwar kirki. In na shafa kuma sai in ƙara ɗaga hannu, a hankali yadda na kusa da ni a sahu ba zai ji ba, in ce ya Allah, wayarsa dai kada ta faɗa ruwa.